Jawabi Kan Sankarar Ƙoda Da Sabon Ilmin RNA



Wannan jawabi ya shafi ƙoda, da wata cuta mai kama ta a ɓoye, da kuma wani sabon ilmi wanda masana suka samu game da yadda cutar take girma a cikin jiki. Maganar tana da ɗan nauyi, amma ba ta fi ƙarfin kowa ba in an bi ta daki-daki. Dalilin kawo ta kuwa biyu ne. Na farko, labarin wannan ilmi ya fara shiga jaridu da gidajen rediyo tun da aka ba da lambar yabo ta Nobel saboda shi a shekarar 2024, ya kamata jama'a su san ainihin abin da aka gano. Na biyu, duk sa'ad da sabon ilmi ya fito, ba a rasa masu fakewa da sunansa su sayar wa marasa lafiya abin da ba shi da asali.

Ƙoda da cutarta

Mutum yana da ƙoda biyu, kowace kamar girman dunƙulen hannunsa, suna kwance a bayan ciki ƙarƙashin haƙarƙari. A cikin kowace ɗaya akwai 'yan matatai kimanin miliyan guda. Kullum rana ta Allah suna tace ruwan jini wajen lita 180, su mayar da kusan dukansa cikin jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka, shi ne fitsari. Har wa yau ƙoda ce ke taimakawa wajen daidaita bugun jini, ita ce kuma ke aika wa ɓargo umurnin ƙara jini in ya yi ƙaranci.

Sankara, wadda ake kuma kira ciwon daji, tana farawa ne sa'ad da wasu ƙwayoyin jiki suka ƙi bin doka. Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, kowace da lokacin rabuwarta da lokacin mutuwarta. In wata ta yi ta rabuwa ba tsayawa, sai ta zama ƙari, daga nan ta aika 'ya'yanta zuwa huhu ko ƙashi ko hanta. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutane fiye da 430,000 suka kamu da sankarar ƙoda a duniya, wajen 155,000 kuma suka mutu da ita. Ta fi kama maza, kusan ninki biyu na mata, ta kuma fi yawa ga waɗanda suka haura shekara 50. Shan taba, da ƙiba mai yawa, da hawan jini, duk suna ƙara haɗarin kamuwa da ita.

Babban mugun halinta shi ne shiru. Ƙoda tana da fili a bayan ciki, ƙari yana iya girma shekara da shekaru ba tare da ya matse wani abu ba. Alamu uku da littattafan likita suka daɗe suna ambata, watau fitsarin jini da ciwon kwiɓi da ƙullutun da hannu ke ji, ba safai suke haɗuwa ga mutum ɗaya ba, in kuwa sun haɗu galibi cutar ta yi nisa. Ga sankarar mafitsarar maza akwai gwajin jini da ke ba likita haske, ga ta hanta ma akwai. Ga ta ƙoda babu. A ƙasashen da ake yawan ɗaukar hoton ciki, akan yi kiciɓis da ita ne sa'ad da ake neman wata cuta dabam. A inda hoton ke da wuyar samu kuwa, sai ta bayyana kanta da kanta. Wannan giɓi ne ya sa masana suka sa ido a kan abin da za a bayyana yanzu.

Littafi da masinja

A tsakiyar kowace ƙwayar jiki akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda a kansa aka rubuta dukan umurnin ginin mutum. A ɗauke shi kamar littafin gado mai haruffa wajen biliyan 3, an raba shi kundi 23, mutum yana karɓar saiti ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikin kundayen nan akwai babi-babi, kowane babi yana ɗauke da tsarin haɗa wani furotin. Furotin kuwa su ne ma'aikatan jiki, su ke gini, su ke narkar da abinci, su ke ɗaukar iska a cikin jini.

Littafin ba ya fita daga ma'ajinsa. In ana bukatar wani babi, sai a kwafe shi a kan wani zare mai suna RNA, shi kuma ya fita da kwafin zuwa inda ake haɗa furotin, kamar yadda masinja ke ɗaukar takarda daga ofis zuwa ma'aikata. An gano wannan masinja a shekarar 1961, aka kuwa daɗe ana ɗauka cewa babban aikin RNA ke nan, ɗaukar saƙo da taimakawa wajen karanta shi.

Da aka gama karanta littafin gadon ɗan Adam a shekarar 2003, sai aka ga abin mamaki. Babukan da ke tsara furotin ba su wuce 20,000 da wani abu ba, ba su ma cika kashi 2 cikin 100 na littafin ba. Sauran fa? Tun a shekarar 1972 wani masani ɗan asalin Japan mai aiki a Amurka, Susumu Ohno, ya kira shi tarkace, sunan kuwa ya bi shi shekaru da yawa. Amma daga baya aka lura ana kwafe wurare da dama na wannan “tarkacen” zuwa RNA, alhali RNA ɗin ba ya kai saƙon haɗa furotin ko ɗaya. Shi ne ake kira RNA marar tsara furotin. Har yau masana suna gardama a kan nawa ne daga cikinsa ke da amfani, nawa ne kuma tarkacen gaske, amma babu mai musun cewa wani sashe nasa yana riƙe da linzamin ƙwaya.

Wata 'yar tsutsa ce ta buɗe ƙofar. A shekarar 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun, dukansu a Amurka, suna nazarin wata tsutsar ƙasa wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Suka tarar da wani babi mai suna lin-4 wanda ba ya haifar da furotin, sai wani guntun RNA mai haruffa 22 kawai. Aikin guntun nan shi ne ya tare wani masinja a hanya, ya manne masa, ya hana saƙonsa isa. Kamar dogari ne a bakin zaure. Shekara bakwai masana suka yi suna ganin abin al'adar tsutsa ce kurum, sai a shekarar 2000 Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka kuma same shi a jikin ƙuda da kifi da mutum. Yanzu an san irinsu fiye da 1,000 a jikin ɗan Adam. Ana kiransu mikro-RNA, ana ba kowane lamba, dogari ɗaya kuwa yana iya tare masinjoji iri-iri masu yawa. Waɗannan mutum biyu su suka karɓi lambar Nobel ta 2024.

Ban da ƙananan akwai dogaye, waɗanda suka haura haruffa 200. Su aikinsu ya fi yawan salo. Wasu sukan rufe babi ɗungum, wasu kuma sukan tsotse dogaran nan kamar soso, masinja ya wuce abinsa ba mai tare shi.

Ba a jima ba aka ga hannunsu a cikin sankara. A shekarar 2002 George Calin da Carlo Croce, a birnin Filadelfiya, suka nuna cewa wasu mikro-RNA biyu, mai lamba 15 da mai lamba 16, sun ɓace daga ƙwayoyin yawancin masu wata irin sankarar jini. Daga nan bincike ya bazu zuwa kowace gaɓa.

Ƙwayar da ta ɗauka an shaƙe ta

Domin a fahimci abin da ke faruwa a ƙoda, tilas a san labarin wani babi mai suna VHL. Sunan ya fito ne daga likitoci biyu, Eugen von Hippel na Jamus da Arvid Lindau na Suwidin, waɗanda a farkon ƙarni na 20 suka bayyana wata cutar gado mai haifar da ƙari a ido da ƙwaƙwalwa da ƙoda. A shekarar 1993, shekarar tsutsar nan, masana a Amurka suka gano babin a kundi na 3. Aka kuma tarar ya lalace a mafi yawan masu sankarar ƙoda irin wadda ta fi kowace yawa ga manya, ko da ba su gaji komai ba. Ita wannan sankara, wadda ke ɗaukar wajen kashi 70 cikin 100, ana kiranta mai garai-garai, domin ƙwayoyinta cike suke da kitse da sukari, in an wanke su an sa a madubin likita sai a ga kamar babu komai a cikinsu.

Ga aikin VHL. A cikin kowace ƙwaya akwai wani furotin mai suna HIF, wanda shi ne mai buga kuge in iskar oksijin ta yi ƙaranci. In iska ta wadata, VHL yakan kama shi ya miƙa shi a rushe. In iska ta gaza, sai a bar shi ya taru, ya buɗe babuka masu yawa na neman agaji: a tsiro da sababbin jijiyoyin jini, a sake hanyar ƙona abinci. William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza sun sami lambar Nobel ta 2019 saboda warware wannan tsari, Ratcliffe kuwa likitan ƙoda ne. To, in VHL ya lalace, babu mai kama HIF. Ƙwaya tana cikin iska tsundum amma tana kururuwar an shaƙe ta, dare da rana. Shi ya sa ƙarin ƙoda yake cike da jijiyoyin jini, shi ya sa kuma yakan yi zubar jini cikin fitsari.

A nan ne dogaran suka shigo. Daga cikin babukan da HIF ke buɗewa akwai na mikro-RNA mai lamba 210. Bincike bayan bincike, a ƙasashe dabam-dabam, an same shi ya hauhawa ƙwarai a cikin sankarar ƙoda mai garai-garai, har ya zama kamar tambarinta. Ɗaya daga cikin masinjojin da yake tarewa shi ne na wani furotin da murhun ƙwaya ke bukata domin ƙona abinci da oksijin. In an tare shi, murhu ya rage wuta, ƙwaya ta koma cin sukari ta gajeriyar hanya, wadda ita ce hanyar da sankara ta fi so. Mai lamba 21 shi ma yana hauhawa. Shi kuwa ɓarnarsa ita ce tare saƙon furotin masu taka wa ƙwaya burki, irin su PTEN. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka buga a shekarar 2013, a kan ƙari fiye da 400, ya nuna cewa waɗanda wannan dogari ya yi yawa a ƙarinsu sun fi saurin rasuwa.

Wani lokaci kuma rashin dogari ne ke jawo masifa. A shekarar 2008 masana a Japan suka ga cewa mai lamba 141 da mai lamba 200c sun ragu ainun a wannan sankara. Su biyun 'yan gida ɗaya ne, aikinsu kuwa tare saƙon wasu furotin masu warware ƙullin da ke manne ƙwaya da maƙwabciyarta. Muddin suna bakin aiki, ƙwayoyin ƙoda suna zaune a jere kamar tubalin gini. In sun kau, ƙulli ya kwance, ƙwaya ta sami ƙafa, ta shiga jijiya ta yi gaba. Yaɗuwar nan kuwa ita ce ke kisa, gama ƙarin da ya tsaya wuri ɗaya wuƙar likita tana iya raba mutum da shi.

Dogayen ma ba a bar su a baya ba, labarinsu ya fi ban tsoro. Tun daga shekarar 2005 da 2006 aka fara amfani da magunguna irin su sorafenib da sunitinib, masu toshe umurnin tsiro da jijiyoyin jini domin ƙari ya ji yunwa. Suna aiki, amma ga yawancin marasa lafiya bayan watanni sai cutar ta daina jin magani. A shekarar 2016 masana a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka bayyana wani dogon RNA da suka sa wa suna lncARSR. Yana tsotse wasu dogarai, har da mai lamba 34, sai ƙwaya ta sami wata hanyar girma wadda maganin bai toshe ba. Bugu da ƙari, ƙwayar da ta koyi wannan dabara takan ƙulle RNA ɗin a cikin wasu 'yan ƙunshi ta sake su, maƙwabtanta su haɗiye, su ma su daina jin magani. Watau taurin kai ana raba shi kamar goron gayyata.

Yara

Sankarar ƙoda ta yara dabam take da ta manya. Sunanta ƙarin Wilms, daga wani likitan fiɗa Bajamushe, Max Wilms, wanda ya yi rubutu a kanta a shekarar 1899. Tana kama yara galibi 'yan ƙasa da shekara 5, tana kuma cikin sankarorin yara da aka fi gani a asibitocin Nijeriya. A shekarun 2014 da 2015 aka gano cewa a fiye da kashi 10 cikin 100 na wannan ƙari, ma'aikatar da ke yanka dogaran ce da kanta ta lalace, watau furotin irin su DROSHA waɗanda ke fitar da mikro-RNA daga dogon zare. In ma'aikata ta tsaya, dogarai da yawa sukan ɓace lokaci ɗaya, ƙwayoyin ƙodar jariri su kasa kammala girma, su yi ta rabuwa. A ƙasashe masu wadata yara wajen 9 cikin 10 suna warkewa daga wannan cuta ta hanyar fiɗa da allurai. Alamarta ta fari ita ce kumburi mai tauri a gefe ɗaya na cikin yaro, sau da yawa uwa ce ke fara jinsa wajen wanka. Kada a ce saifa ce ko shawara a tsaya jiƙo. A kai yaron asibiti a makon da aka ji shi.

Abin da ake fata, da inda aka tsaya

RNA abu ne mai saurin lalacewa, amma a shekarar 2008 aka tabbatar cewa mikro-RNA yana yawo cikin jini bai lalace ba, domin yana ɓoye a cikin 'yan ƙunshin nan ko a manne da furotin. Ana samunsa har a fitsari. Fitsari kuwa daga ƙoda yake fitowa kai tsaye. Saboda haka babban burin masana shi ne ranar da za a karɓi fitsari a ƙaramin asibitin ƙauye, a auna mai lamba 210 da 'yan'uwansa, a ce wa mutum ya tafi a ɗauki hoton ƙodarsa tun ƙarin bai fi ƙwallon goruba ba. Ga ƙasa mai faɗi irin wannan, amfanin haka ba ƙarami ba ne.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya: wannan gwaji bai shiga aikin asibiti na yau da kullum ba tukuna, ko a nan ko a ƙetare. Yawancin binciken an yi su ne a kan mutane kaɗan, sakamakon wani ɗakin bincike kuma sau da yawa ba ya dacewa da na wani. Mai lamba 21 yana hauhawa a sankarori da yawa, har da cututtukan da ba sankara ba, don haka ganinsa kaɗai ba ya nuna ƙoda. Ga shi kuma mafi yawan waɗanda aka auna Turawa ne da mutanen Asiya, ma'aunin da aka yanka a jikinsu sai an gwada shi a jikin mutanen Afirka kafin a amince da shi. Wannan aiki ne da ke jiran jami'o'in ƙasar nan, shi ya sa in likita a asibitin koyarwa ya nemi izinin ajiye ɗan jini ko guntun ƙari domin bincike, bayan ya yi cikakken bayani, bai kamata a ɗauke shi da mugun nufi ba. Mara lafiya yana da ikon yarda, yana da ikon ƙi.

Wajen magani ma an taɓa ƙonewa. A shekarar 2013 wani kamfani a Amurka ya fara gwada allurar da ke mayar wa jiki mikro-RNA mai lamba 34, a kan masu sankara iri-iri har da ta ƙoda. A shekarar 2016 aka dakatar da gwajin, bayan garkuwar jikin wasu ta yi mummunan bore, mutum huɗu suka rasu. Dogarin da ke tare masinjoji da yawa, in an sake shi cikin jini ba a san iyakar waɗanda zai tare ba. Hanyar ba ta toshe ba, domin a shekarar 2018 an amince da maganin farko na guntun RNA, amma na wata cutar gado ce ta jijiyoyi. Ilmin VHL da HIF kuwa ya riga ya haifi magani, belzutifan, wanda Amurka ta amince da shi a shekarar 2021, shekara 28 bayan gano babin. Haka tafiyar take, sannu-sannu. Duk wanda ya zo yau, a kasuwa ko a tasha ko ta wayar hannu, yana tallar ƙwaya ko ruwan da ya ce yana gyara RNA ya warkar da sankarar ƙoda, to, kuɗin mutane yake nema.

Fitsarin jini

Akwai wata al'ada da ya kamata a yi magana a kanta a fili. A garuruwan da ke bakin rafi da madatsun ruwa da fadamun noman rani, tsargiya ta yi yawa har an saba da ita, wasu ma suna ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro. Tsargiya cuta ce, tana da magani, in an bar ta kuma tana iya kai wa ga sankarar mafitsara. Amma haɗarin da ya shafi wannan jawabi shi ne dattijo mai shekara 55 ya ga jini a fitsarinsa ya ce ai tsargiyar ƙuruciya ce ta dawo. Jinin sankarar ƙoda sau da yawa ba ya zuwa da zafi. Yakan zo kwana ɗaya ko biyu ya ɗauke, mutum ya ce ya warke, alhali ƙari yana nan yana girma. Duk babban da ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ya je asibiti, in an ba shi maganin tsargiya jinin ya sake dawowa ya nemi a ɗauki hoton ƙodarsa da mafitsararsa. Matashi mai ɗauke da rabin gadon sikila, watau mai jinin AS, shi ma kada ya yi wasa da wannan alama, domin akwai wata sankarar ƙoda da ba ta da yawa amma mai saurin gaske wadda kusan su kaɗai take kamawa. Haka nan ciwon kwiɓi ɗaya wanda ya ƙi tafiya, da rama ba dalili, da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro.

Hoton ciki na farko ba ya ciwo, ba a yanka, ba ya cin minti 30, ana kuwa yinsa a manyan asibitocin jihohi. In an ga wani abu, sai a tura mutum wurin likitocin mafitsara a asibitocin koyarwa, kamar na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ibadan, ko Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Ƙarin da bai fita daga ƙoda ba fiɗa ce maganinsa, mafi yawan waɗanda aka yi wa a wannan mataki suna rayuwa shekaru masu yawa. In ƙarami ne akan yanke shi kaɗai a bar sauran ƙodar, in babba ne a cire ta duka. Mutane da yawa suna gudun wannan fiɗa domin tsoron zama da ƙoda ɗaya. Tun a shekarar 1869 wani likita a Jamus, Gustav Simon, ya cire wa wata mata ƙoda guda ta tashi ta ci gaba da harkokinta. Wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki yawancin aikin 'yar'uwarta, sai dai a kiyaye ta daga hawan jini da taba da shan magungunan ciwon jiki barkatai, a kuma riƙa komawa asibiti a ranakun da likita ya sa.